Kawu Kailani Mai Yatsun Zinare

Kowace unguwa da rabon da Allah ya yanka mata. Ya ba Samaru jami'a, ya ba Sabon Gari kasuwa, ya ba cikin birni ganuwa da manyan malamai. Mu kuwa mutanen Tudun Wada, da aka zo kanmu sai aka ba mu Kawu Kailani. Duk wanda ya san shi ya san ba a ƙware mu ba.

Ƙanen mahaifiyata ne. Ya yi aikin gwamnati a Kaduna har ya kai matsayin hawa kujera mai juyawa, ko da yake sai mai ita ya tafi hutu. Da ya yi ritaya ya dawo mana da tabarau, da wata jaka mai makulli wadda ba a taɓa ganin cikinta ba, da farce guda a ƙaramin yatsansa na hagu da ya bari ya yi zaƙo-zaƙo, don duniya ta shaida wannan hannu bai taɓa gaisawa da fartanya ba. Kullum da yamma yana ƙofar gida da jarida a buɗe. Ba lalle ta ranar ba ce. Mai ilimi irin Kawu ba ya bin labari, labari ne ke biyo shi.

Amma duk wannan ado ne. Asalin ɗaukakarsa tana rataye a bangon falo, cikin gilashi. Hoto ne da aka ɗauke shi a wani otal a Legas, lokacin da ofishinsu ya tura shi ɗan gajeren kwas. Ga shi nan cikin kwat, ya zauna gaban wani ƙaton baƙin fiyano, abin kiɗan nan na Turawa mai madannai, ya tallafe haɓa yana kallon nesa. Baƙo bai isa ya sha ruwa a falon nan ba sai an gabatar da shi ga hoton.

"Nan nake ɗan motsa yatsu idan an tashi daga lacca," in ji Kawu. "Turawan da ke otal ɗin har abincinsu ke hucewa a gabansu."

Ni ce mai goge hotunan danginmu, ni ake tambaya wa ya haifi wa, wa ya auri wa. Na sha goge wannan hoton, kuma zan iya ba da shaida cewa murfin fiyanon a rufe yake, har da tukunyar fure a kansa. Wannan bai rage komai ba. Gwani na gaske ko ta saman murfi ana gane shi. Shi ya sa samarin majalisar layinmu suka raɗa masa Mai Yatsun Zinare, shi kuma yake amsawa da ɗaga hannu ɗaya, a hankali, yadda kowa zai samu ganin yatsun.

Da haka za a ci gaba da zama lafiya, ba don kujera ba. Shugaban ƙungiyar ci gaban unguwarmu ya gina gida a Hanwa ya ƙaura, kujerarsa ta zauna ba kowa, Kawu kuwa ya ɗora mata ido har barci ya ƙaurace masa. A ƙungiyar nan ba a kaɗa ƙuri'a. Ranar taron shekara, bayan Babbar Sallah, uban ƙungiya Alhaji Nagoda, wani dattijon ɗan kasuwar hatsi, shi ke duban jama'a ya ambaci suna, a shafa fatiha, magana ta ƙare. Sunan da ke yawo a bakin mutane kuwa na Malam Suhaibu ne, wani malamin firamare marar hayaniya, wanda ya tara samari suka yashe kwatocin unguwa kafin damina.

"Kwata?" in ji Kawu, ranar wani suna da dangi suka cika gidanmu. "Duk wanda ya samu shebur ai ya iya kwata. Abin da Tudun Wada ta rasa shi ne wayewa. Al'ummar da ba ta san sauti ba, ko an yashe mata kwata zuciyarta a toshe take. Ni da na zauna gaban fiyano na san abin da nake faɗa."

Inna Ishatu tana gefe tana ɓare gyaɗa. Ita ce babbar yayarsu, ita ta goye shi, kuma ita kaɗai ce a duniya ba ta san ya girma ba.

"Kailu," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba, "ni dai sauti biyu na sani daga gare ka, kuka da minshari. In akwai na uku, a jiyar da mu kafin mu mutu."

A gaban surukai ta faɗa. Kawu ya gyara tabarau, ya sanar da cewa ranar taron shekara, a gaban Alhaji Nagoda da dukan jama'a, Tudun Wada za ta ji abin da Legas ta ji. Baki shi ke yanka wuya.

Sai maganar sayen fiyano. Lokacin ana tsakiyar hada-hadar ragunan layya, kuma a danginmu Kawu ne mai zaɓen rago, don ya ce idonsa ba ya ƙarya. Da wannan idon ya nufi Sabon Gari, shagon Theophilus mai kayan sauti, haifaffen Zariya, mai Hausa kamar jakin Kano, wanda ke kaɗa fiyano a cocinsu ranar Lahadi.

Theophilus ya sauko da wani ɗan madaidaici. "Yallaɓai, ga wannan. Ba shi da nauyi, yana aiki da batir idan an ɗauke wuta, kuma yana kawo haske ya nuna wa mai koyo inda zai sa yatsa."

"Mai koyo?" Kawu ya cire tabarau. "Ka dube ni da kyau, ɗan samari."

Theophilus ya dube shi da kyau, ya mayar da madaidaicin inda ya ɗauko.

Kawu ya goya hannu a baya ya shiga zagaye shago. In ya zo kan fiyano sai ya sa hannu ta ƙasa ya ɗaga, ya ji nauyi. Ya bi madannan da babban yatsa, waɗanda ya kira haƙora, yana duba ko akwai mai girgiɗi. Ya ƙwanƙwasa haƙarƙari. Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashi, Allah kaɗai ya san abin da yake nema a can. Da mai shago ya ce bari a kunna ya ji muryar kowanne, sai Kawu ya ɗaga hannu.

"Wanda ya san rago ba ya tambayar kukansa."

A ƙarshe ya tsaya kan wanda ya fi kowanne tsawo da ƙiba, mai maɓallai da fitilu birjik kamar gaban matuƙin jirgin sama. Theophilus ɗan kasuwa ne, bai yi gardama da arziki ba. Da aka sa shi a keke mai ƙafa uku, kai ya leƙo ta dama, wutsiya ta hagu, Kawu na tsakiya ya rungume shi. Ya umarci mai keken ya bar hanya miƙaƙƙiya ya bi ta ƙofar gidan Alhaji Nagoda, a hankali. Suka wuce, suka juyo, suka sake wucewa. Daga baya aka ji Alhaji ya tafi kasuwar Giwa tun da safe.

A ranar ya jona shi da wuta, ya rufe ƙofar falo, ya ɗora yatsun zinare. Matarsa Hajiya Rauda ta fito daga madafa da ludayi a hannu, ta zaci kyanwa ce ta faɗa randa. Maƙwabta suka aiko a tambaya ko ragon layya ne igiya ta shaƙe. Washegari aka aika wa Theophilus ya zo. Ba don koyo ba, Allah ya kiyaye. Kawu ya bayyana wa gida cewa musayar ra'ayi ce tsakanin masana.

Ra'ayin farko da Theophilus ya kawo shi ne a yanke farce, a cire zobba.

"Farcen nan ya girmi shagonka," in ji Kawu. Aka wuce wurin.

Ra'ayi na biyu, yatsu biyar na dama su hau ɗaya bayan ɗaya, su sauko ɗaya bayan ɗaya, a yi ta maimaitawa har hannu ya saba. Kawu ya hau, wajen saukowa ya yi tuntuɓe. Ya sake hawa, babban yatsa ya danne haƙora biyu. Ya janye hannu ya ce wannan karatun 'yan aji ɗaya ne, a kai shi inda Turawa ke barin abinci ya huce. Theophilus ya ce kafin a kai can sai hagu ta shigo, tana nata daban dama na nata daban.

"Hagu?" Kawu ya dafe ƙirji. "Ni da aka yi wa tarbiyya? Tunda nake ban taɓa miƙa wa mutum ko allura da hagu ba, sai yau zan miƙa wa jama'a sauti da ita? A gaban Alhaji Nagoda? Wanda ya ƙera abin nan yana da basira, amma ba a gidan mutunci ya tashi ba."

Gaskiyar ita ce an gwada. In dama ta motsa sai hagu ta sandare, in hagu ta motsa sai dama ta tsaya kallonta. Sallah ta zo ta wuce, aka ci nama aka soya saura, hannuwan Kawu ba su shirya da juna ba. Ranar taro kuwa sai matsowa take.

Da Theophilus ya ga haka, sai ya zauna ya kaɗa wani ɗan sauti mai taushi da ya tsara wa masu koyo, ya adana shi a cikin fiyanon.

"Yallaɓai, in ka danna wannan jan maɓallin zai maimaita maka. Ka saurara, ka riƙa binsa da hannu ɗaya tukuna. Sannu ba ta hana zuwa."

Kawu ya danna. Falo ya cika da sauti mai sanyi. Ya dubi fiyano, ya dubi hannuwansa da ke zaune a kan gwiwa ba su san hawa ba ba su san sauka ba, ya sake duban fiyano. Hajiya Rauda, wadda ta shigo da zoɓo a daidai lokacin, ta ce rabonta da ganin irin wannan haske a fuskarsa tun ranar da masinja ya fara kiransa Yallaɓai. A yammacin ya sallami Theophilus da kyakkyawar shaida.

"Na ga kana da ƙoƙari. Ka dage, za ka kai wani wuri."

To, a nan kada a zalunci Kawu. Masu cewa malalaci ne ba su ga abin da ya biyo baya ba. Ya sa aka ciro madubin ɗakin Hajiya aka jingine a falo, ya kulle ƙofa, ya duƙufa. Aikin ba ƙarami ba ne. Dole yatsu su yi ta gudu a kan haƙora ba tare da sun danna ko ɗaya ba, don in suka danna, muryar Kawu ta gaskiya za ta fito. Ya koyi shafa. Ya koyi lumshe ido, da kaɗa kai, da ɗage kafaɗa idan sauti ya hau. Ya ƙirƙiro wani salo na ɗaga hannun hagu sama sannu a hankali, farce na sheƙi, kamar mai sakin tattabara. Ashe hagun ma tana da amfani, in dai ba za ta taɓa komai ba. Da rabin wannan wahala ya ba yatsu biyar ɗin nan, da sun hau sun sauko lafiya. Amma wannan hanyar masu koyo ce.

Sautin ya samu suna, Farkawar Tudun Wada, kuma Kawu ya ce da asuba ya zo masa. Masu wucewa suka riƙa tsayawa a bakin taga. Samarin majalisa suka fara jin kunyar sunan da suka raɗa, don ya zama gaskiya a hannunsu. Har aka fara cewa kwata dai kwata ce, amma unguwa na bukatar wanda za ta nuna wa baƙi. Inna Ishatu kaɗai ta saurara ta taɓe baki.

"Kailu da ko kunu ya sha sai ya ɗiga a riga, shi ne yau kullum ba kuskure ko ɗaya? To."

Ana gobe taro ya tara mu, mata da yara, ya ja kunne.

"Abu guda. Kada wanda ya kuskura ya yi mini liƙi. Ni ba maroƙi ba ne, ba makaɗin kalangu ba ne da za a manna wa kuɗi a goshi. Wannan ilimi ne. In abin ya ratsa mutum, ya tafa a hankali, yadda ake yi a manyan wurare. Yaya, da ke nake."

"Na ji," in ji Inna.

Bayan la'asar filin firamare ya cika. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, maza gefe mata gefe. Janareton da zai ba fiyano wuta Malam Suhaibu ne ya aro, yana can bakin ƙofar shiga yana fama da shi. An ɗora fiyanon a kan dogon tebur, bayansa na kallon jama'a, an kuma zagaye shi da ƙyalle ta yadda ba mai ganin hannun mai kaɗawa. Kawu ya ce don kada baki ya kama yatsunsa ne.

Kujerar Alhaji Nagoda ce kawai ba kowa. Kawu ya karɓi lasifika don a ɗan jira shi, ya ɗauko tarihin sauti tun daga kaɗawar iska a karan dawa, ya ratso da shi ta ƙasashen da bai taɓa zuwa ba, ya sauke shi a otal ɗin Legas. Alhaji bai iso ba. Rana ta yi ƙasa, mai gabatarwa ya raɗa masa cewa magariba ba ta jiran kowa. Dole ya zauna. Ya naɗe hannun babbar riga, ya lanƙwasa yatsu suka yi ƙara, ya yi kamar yana gyara ƙyalle, ya danna ja.

Wallahi abin ya yi kyau. Fili ya yi tsit. Mai sayar da rake ya tsaya da wuƙa a hannu. Kawu ya lumshe ido, kai na kaɗawa, kafaɗu na hawa suna sauka, kai ka rantse daga cikin ƙashinsa sautin ke fitowa. Na ga wata tsohuwa tana share ido. Da tayar motar Alhaji Nagoda ta yi faci a hanya, da yau Kawu ne shugabanmu.

Ba ta yi ba. Motar ta shigo a hankali ta tsaya a bakin fili. Kawu ya buɗe ido ɗaya. Abin da ya gani shi ne Malam Suhaibu yana goge hannu da tsumma, ya nufi ƙofar motar.

A nan sai an san Kawu. Tunda ya fara aiki ba a taɓa riga shi gaida babban mutum ba. An ce a Kaduna ya taɓa tsallake teburi saboda haka. Hali zanen dutse ne. Ƙafafunsa ba su yi shawara da kansa ba. Kafin a ankara ya miƙe, ya tattare riga, ya ratsa fili kamar an harba kibiya, ya sha gaban Malam Suhaibu, ya tuɓe takalma, ya durƙusa, ya kama hannun Alhaji da hannuwansa duka biyu, kamar yadda duk ɗan mutunci ke yi.

"Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya. Barka da isowa. An zo lafiya? Ya hanya? Ya gajiya? Ya aka ji da jama'a?"

Alhaji Nagoda kuwa tsoho ne mai son gaisuwa, in ya riƙe hannu ba ya saki da wuri. Ya amsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya shiga tambayar mutanen gidan Kawu, kowa da sunansa. Can a kan tebur kuwa fiyano bai san an tashi ba. Yana ta aikinsa. Har ya kai wurin nan mai daɗi inda Kawu ke sakin tattabara.

Jama'a suka dubi kujerar gaban fiyano, ba kowa a kanta. Suka dubi Kawu a durƙushe. Suka sake duban kujera. Ba wanda ya yi dariya tukuna, kowa na jiran wani ya fara.

Alhaji ya karkata kunne. "Madalla da wannan sauti. Wane ne ke kaɗawa?"

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji Kawu.

Dattijon ya sunkuyar da kai ya dubi hannuwan da ke cikin nasa. Ya juya su, ya duba ciki ya duba baya, yadda yake duba samfurin masara a kasuwa. Duka biyun suna nan, har da farce.

"Ikon Allah," ya ce. "To, Allah ya ƙara basira."

Sai Inna Ishatu ta miƙe. Ta gyara mayafi, ta taka a hankali irin tafiyar masu ciwon gwiwa har gaban tebur. Ta kwance bakin zani, ta zaro sabuwar takardar kuɗi, ta manna wa fiyano a goshi, daidai inda fitilarsa ke ƙiftawa. Ta faɗo, ta ɗauka ta sake mannawa. Wata daga baya ta rangaɗa guɗa. Shi ke nan, mata suka taso layi guda, kowa na kwance bakin zani. Fiyano ya kai ƙarshen sautinsa, ya ɗan numfasa, ya sake ɗaukowa daga farko, kamar kowane makaɗi idan ya ga liƙi.

A hanyarta ta komawa Inna ta bi ta gaban Kawu, wanda ke tsaye ba takalmi.

"Ka ce kada a yi maka liƙi, Kailu. Ka ga mun kiyaye."

Kafin kiran magariba Alhaji ya ambaci sunan Malam Suhaibu, aka shafa fatiha.

Kada a ɗauka Kawu ya karaya. Washegari yana ƙofar gida da jaridarsa, yana bayyana wa duk mai wucewa cewa abin da aka gani shi ne matakin ƙarshe na gwaninta, wanda jahilai ba za su gane ba. "Shugaba nagari," ya ce, "shi ne wanda in ya tashi, aiki ba ya tsayawa." Inna ta ce ashe shi ya sa Kaduna ba su ji tafiyarsa ba.

Kuma a gaskiya gidansa ya yi suna. Yanzu ba a biki ko walima a unguwar nan ba a aiko ba. Ko jiya an yi sallama daga Dutsen Abba, cikin ladabi da girmamawa, ana gaida Mai Yatsun Zinare da kyau. Suna roƙon a taimaka musu da fiyano ranar Asabar, za su turo keke ya ɗauka. Shi kuwa Kawu, sun ce in yana da uzuri kada ya wahalar da kansa.